Landan zuwa Rum a jirgin sama: kilomita nawa ne tsakani da Allah?

Auta a Rum:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Don Allah a warware min wani abu da ya ɗaure min kai. Baba zai zo Landan ganin likita, zai sauka wajen yayana, kuma ya ce tunda ya ƙetaro ruwa ba zai koma Kano ba sai ya ga inda nake karatu a nan Rum. Kun san halin tsofaffinmu, ba ya hawa abin da bai san tsawon tafiyarsa ba. Ya tambaye ni nisan, na shiga dubawa. Wani shafi ya ce 1,434, wani ya ce 891, wani 774, wani kuma 1,445 ko makamancin haka. Ga tikitin shi ma da nasa rikicin: na zuwa tashi ƙarfe 10 na safe, sauka 1:35 na rana, awa uku da rabi ke nan. Na komawa tashi 3 na rana, sauka 4:50, bai ma kai awa biyu ba. Hanya ɗaya ce fa. Wanne zan gaya masa?

Malam Na-Zariya:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya ba Alhaji lafiya. Ukun farko duk magana ɗaya ce, mudun awon ne ya bambanta. 1,434 kilomita ne. 891 mil ne irin na Ingila, wanda ɗayansa ya ɗara kilomita ɗaya da rabi, wato 1.609. 774 kuma mil ne na teku, wanda matuƙa jiragen ruwa da na sama suke aiki da shi, ɗayansa kilomita 1.852. Ki ninka ki gani, duk wuri guda za su kai ki. Kamar ki auna gero da tiya, wata ta auna da gwangwani, ku zo kuna musu a kan buhu ɗaya.

Na huɗun ne daban. 1,434 daga tsakiyar Landan ne zuwa tsakiyar Rum. Jirgi kuwa ba daga tsakiyar gari yake tashi ba. Filin jirgin Heathrow na yamma da Landan, na Rum kuma, wato Fiumicino, na can bakin teku, to tsakaninsu ne ake samun kusan 1,445.

Baban Walida:
Malam ya gama da nisa, ni bari in ɗauki agogo. Auta, Italiya tana gaban Ingila da awa ɗaya, rani da damina. Tikiti kuma kullum agogon garin da ake ciki yake rubutawa. Cire awa ɗaya daga na zuwa, ya zama awa 2 da minti 35. Ƙara awa ɗaya a na komawa, awa 2 da minti 50. Shi ke nan.

Ki kuma gaya wa Baba wannan saboda shan magani: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogon Landan daidai yake da na Kano, Rum ce ke gaba. Da an shiga hunturu sai abin ya juya, Rum ta yi daidai da Kano, Landan ta koma baya da awa ɗaya. Shekarata ta farko a nan na sha kiran gida a lokacin da bai dace ba saboda wannan.

Auta a Rum:
Kai, na ji kunya wallahi. Shekara guda ina kiran yayana ina lissafa awar nan, amma da na ga tikiti sai kaina ya kulle. Na gode Malam, na gode Yaya.

Sarkin Gardama:
A dakata tukuna. Ni lissafin bai shige ni ba. An ce jiragen nan suna gudun kilomita 800 da wani abu a awa. Raba 1,445 da 830, ba ka kai awa ɗaya da minti 45 ba. Ina sauran minti hamsin ɗin suka tafi? Ko dai nisan ya fi abin da ake faɗa, ko kamfanonin suna mana wayo. Kuma me ya sa komawa ta fi zuwa tsawo, Rum matsawa take yi da rana?

Injiniyan Kaduna:
Hhhh Sarki ka zo ke nan. To saurara. Lokacin da ke kan tikiti ba lokacin da jirgi yake sama ba ne. Ana fara ƙirga shi daga sa'ar da aka ture jirgi baya daga ƙofa, har sa'ar da ya tsaya cak a ƙofar can. A Heathrow titin tashi da sauka biyu ne kacal, ga jirage kamar ƙudan zuma, don haka ka yi minti goma sha biyar ko ashirin kuna jan ciki a layi ba abin mamaki ba ne.

Sannan gudun 830 ɗin sai jirgi ya kai can sama, wajen kilomita 10 zuwa 11 daga ƙasa. Hawa yana cin wajen minti ashirin, saukowa ta fi haka, kuma duk a nan gudun bai kai ba. Na uku, jirgi ba ya bin zaren da ka shimfiɗa a taswira. Sama ma tana da tituna da mararraba, akwai wuraren da sojoji suka keɓe, akwai hadari da za a kauce wa, akwai masu kula da zirga-zirga da za su ce ka bi nan ba can ba. Daga Landan za a tsallake mashigin ruwa, a ratsa Faransa, a haye tsaunukan Alps, a gangaro ta gabar tekun Italiya. Ainihin zama a sama bai fi awa biyu da 'yan mintoci ba.

Batun komawa kuma iska ce. A wannan tsayin, a sararin Turai, akwai iska mai ƙarfi da galibi take kaɗawa daga yamma zuwa gabas. Mai zuwa Rum tana ɗan tura shi, mai komawa Landan yana ƙirji da ita. Ƙari a kan haka, idan ka iso Landan ba lallai a ba ka izinin sauka nan take ba. Akwai wurare huɗu a kewayen garin da ake sa jiragen Heathrow su yi ta zagaye suna jiran layi. Kamfani ya san da haka, sai ya sa rara a jadawalinsa.

Sarkin Gardama:
Ato! "Ya sa rara." Ka ga wayon da nake faɗa. Su ƙara minti ashirin a takarda don ko sun makara su ce sun iso kan lokaci.

Injiniyan Kaduna:
Wannan kam ban musa maka ba, akwai hakan a ciki. Amma wanda zai canza jirgi a Heathrow ya gwammace a faɗa masa 2:50 a sauke shi a 2:35, da a yi masa alkawarin 2:20 ya tarar na gaba ya tashi.

Hajiyar Manchesta:
Ku maza kun duƙufa a kan kilomita, ba wanda ya tambayi babban abu. Auta, wace biza ce a fasfon Baba? Idan ta Birtaniya ce kaɗai, ko nisan taku goma ne ba za su bar shi ya hau jirgin ba. Birtaniya ba ta taɓa shiga yankin Schengen ba, wato ƙasashen Turan da ake yawo a cikinsu da biza ɗaya, tun kafin ma ta fice daga Tarayyar Turai a 2020. Italiya tana ciki. Sai ya nemi bizar Schengen daban, kuma a ƙa'ida a ƙasar da mutum yake zaune ake nema, wato tun yana Najeriya, ba sai ya zo Landan da bizar ziyara ba. Na ga dattijuwa ta zo haihuwar jika, 'yarta ta biyu tana Jamus, aka sayi tikiti aka yi komai, a ƙarshe 'yar ce ta biyo ta nan.

Auta a Rum:
Anti Allah ya saka da alheri. Yaya ya riga ya faɗa masa, an kai takardun, muna jira. Shi ya sa ma ban biya kuɗin tikitin ba tukuna.

Hajiyar Manchesta:
Madalla. Kada ki biya wanda ba a mayar da kuɗinsa sai fasfo ya dawo hannu.

Sarkin Gardama:
Tunda an taɓo zancen nisan nan, bari in fito da abin da ke cina. Bara na taso daga Rum zuwa Landan, wani kamfani da ba zan kira sunansa ba ya ajiye mu sama da awa huɗu, wai wani abu ya lalace a jirgi. Na cike takardar neman diyya, bayan wata biyu suka turo min yuro 250. Abokina da ya taso daga Napoli aka yi masa irin wannan, yuro 400 ya karɓa. Na rubuta musu, suka ce wai tafiyata ba ta kai kilomita 1,500 ba. Alhali ranar sai da muka yi wani dogon kewaye, na duba a manhajar bin sawun jirage, abin da muka ci ya haura 1,500. Jikina ne ya yi tafiyar, ba zare a taswira ba. Wannan ba cuta ba ce?

Ɗan Maraɗi a Brussels:
Yallaɓai Sarki, sannu, amma kamfanin nan bai cuce ka ba, doka ya bi. Dokar Tarayyar Turai ce mai lamba 261 ta shekarar 2004. Ta kasa tafiya gida uku: kilomita 1,500 zuwa ƙasa yuro 250, daga nan zuwa 3,500 yuro 400, abin da ya wuce haka, in ba cikin Tarayyar ake yawo ba, yuro 600. Kuma dokar da bakinta ta ce da miƙaƙƙen layi na kan doron duniya za a auna, ba da hanyar da matuƙi ya bi ba. Ko ya kai ku Masar ya dawo, awon bai canza ba.

Kai da Rum kun faɗo ƙasan layin da kaɗan ne. Duk filin da ka zaɓa a Landan ba ka tsallakewa: Gatwick zuwa Fiumicino wajen 1,405, Stansted zuwa Ciampino (ɗayan filin jirgin Rum) wajen 1,460, Luton zuwa Fiumicino wajen 1,470. Napoli kuwa tana kudu da Rum, ta kusa 1,600, shi ya sa abokinka ya haye. Da daga Rum Manchesta ka nufa wajen Hajiya, kai ma 400 za ka karɓa, don ta haura 1,650.

An ma taɓa kai irin ƙararka kotun Tarayyar Turai, kuma a kan Rum ɗin nan. Fasinjoji ne suka tashi daga Rum zuwa Hamburg, amma ta nan Brussels suka biyo suka canza jirgi. Suka ce a haɗa musu zango biyun, kilomita 1,656, a ba su 400. A 2017 kotu ta ce a'a, daga inda ka fara zuwa inda ka ƙare a miƙe ake dubawa, 1,326 ke nan, 250 ne haƙƙinsu. Hujjar kotun ita ce wahalar da ake biya ta ɓata lokaci ce, kuma kewaye bai ƙara ta ba.

Sarkin Gardama:
To ai hujjar tasu ce ta kashe su. Idan ɓata lokaci ake biya, awa huɗuna da awa huɗun mutumin Napoli ba ɗaya ba ne? Me ya kawo kilomita ciki tun farko? Kilomita 55 kacal suka raba ni da yuro 150.

Ɗan Maraɗi a Brussels:
Nan kam ka kama wani abu, ban ce dokar ba ta da gyara ba. Amma duk inda aka ja layi akwai wanda zai tsaya a bayansa da taku ɗaya. Kuma ka tuna tikitin da ka saya, na tabbata bai kai 250 ɗin ba.

Sarkin Gardama:
Wannan kuma sirrina ne.

Hajiyar Manchesta:
Hhhh an taɓa inda yake ciwo.

Ɗan Maraɗi a Brussels:
Auta, ke ma ki riƙe wannan saboda Baba. In daga Landan aka makarar da shi, Birtaniya ta kwafi dokar bayan fitarta, sai dai da fam take biya: 220, 350, 520. Sharaɗin shi ne a iso a makare da awa uku ko fiye, kuma laifin ya zama na kamfani. In hadari ne, ko masu kula da sararin Faransa suka shiga yajin aiki, abin da ba baƙo ba ne a wajensu, ba diyya, sai dai abinci da masauki in kwana ya kama.

Baban Walida:
Wannan yajin aikin na Faransa ya taɓa kwanar da ni a filin jirgi, ni da ba Faransa za ni ba. Sararinsu kawai za mu ratsa.

Ɗalibi Mai Neman Sani:
Malam, don Allah tambaya. Ɗan Maraɗi ya ce "miƙaƙƙen layi na kan doron duniya". Ya bambanta da in ɗora rula a taswira in ja layi?

Malam Na-Zariya:
Ya bambanta, ɗana. Samo lemo, ka sa ɗigo biyu a jikinsa, ka ja zare tsakaninsu har ya ɗame. Inda zaren ya kwanta ita ce gajeriyar hanya. Yanzu ɓare lemon ka yi ƙoƙarin shimfiɗa ɓawon a tebur, dole ya yage ko ya miƙe. Taswirar bango da muka saba gani a aji, wadda ta samo asali daga aikin wani masanin taswira mai suna Mercator na 1569, miƙe ɓawon ta yi, shi ya sa ƙasashen arewa suke kumbura a cikinta, Turai ta yi ƙiba, Afirka ta rame. A kanta gajeriyar hanya sai ta fito kamar baka, layin rula kuma ya zama shi ne mai tsawo.

Tsakanin Landan da Rum bambancin ɗan kaɗan ne, don tafiyar gajeriya ce a kan duniyar da kewayenta ya kai kilomita 40,000. Sai a doguwar tafiya abin yake fitowa fili, kamar jirgin Landan zuwa yammacin Amurka da za ka ga ya bi ta saman Greenland ka ɗauka ɓata ya yi.

Kuma kada ku ɗauka ilimin Turawan jirgi ne. Da wannan lissafin ake fitar da alƙibla. Shi ya sa mutanenmu da ke New York suke fuskantar arewa maso gabas, alhali a taswirar bango Makka tana ƙasa da su. Malaman Musulunci irin su Albiruni sun yi aiki a kan wannan shekaru kusan dubu da suka wuce. A Landan da Rum duka kudu maso gabas ake fuskanta, don haka Alhaji ba zai sha wahala ba.

Ɗalibi Mai Neman Sani:
Allah ya ƙara sani Malam. Yau na gane abin da aka yi ta koya mana ina haddacewa kawai.

Baban Walida:
Ni dai Auta shawarata ta ɗan gari ce. Ki manta da 1,434, ki lissafa daga ƙofar gidan yayanki zuwa ƙofar ɗakinki. Tikitin arha yawanci Stansted ne ko Luton, kuma da asubar fari. Stansted daga tashar Liverpool Street kusan minti hamsin ne a jirgin ƙasa, ban da abin da za ku ci kafin ku isa tashar. In yayanki a kudancin Landan yake, kafin ku kai filin ma Malam zai fara tunanin ba ku fatawar kasaru. Ga jaka sai an biya mata daban, ga hawa matakala a fili cikin sanyi. Dattijon da ya fito daga wajen likita ba na wannan ba ne. Ku ƙara kuɗi ku bi Heathrow ko Gatwick, wanda ya fi kusa da gidan, a jirgin hantsi. Ku nemi a tanadar masa keken guragu tun wajen sayen tikiti, kyauta ne, kuma ba abin kunya ba ne, tafiyar ƙafa a Heathrow ba wasa ba ce. A Fiumicino akwai jirgin ƙasa Leonardo Express, minti 32 ya kai ku tashar Termini. In kin haɗa duka, awa shida zuwa bakwai ne gida zuwa gida. Wannan za ki faɗa masa, don kada ya ji awa biyu da rabi ya ƙi cin abinci.

Malam Na-Zariya:
Kasaru a wajenmu Malikawa burudi huɗu ne, mil 48, kada ka sa ni a bakin mutane. Amma ta Rum kam ta wajaba masa da rara mai yawa.

Ɗan Maraɗi a Brussels:
In Baba mai son kallon ƙasa ne akwai jirgin ƙasa ma. Eurostar ta ƙarƙashin teku zuwa Faris awa biyu da kwata, Faris zuwa Milan wajen awa bakwai, Milan zuwa Rum awa uku.

Hajiyar Manchesta:
Haba Ɗan Maraɗi, da canjin tasha a Faris da jakunkuna? Mutumin da aka ce likita ya zo gani? Wuni guda cur fa ke nan. Kai ka yi, kai yaro ne.

Ɗan Maraɗi a Brussels:
Na janye, Hajiya, a yi haƙuri.

Sarkin Gardama:
Har yanzu dai ba a ba yarinyar nan amsa ɗaya ba. Malam ya ce 1,434, ya dawo ya ce 1,445, Injiniya ya ce jirgi ba ya bin ko ɗaya, Baban Walida ya ce a manta da su duka. Alhaji lamba ɗaya ya tambaya.

Malam Na-Zariya:
Alhaji ba lamba yake nema ba, so yake ya kwatanta da abin da ya sani. 'Yata, ce masa kamar ya tashi daga Kano ya je Legas, kilomita 830 da ɗoriya, ya juyo bai ƙarasa gida ba ya sauka a Kaduna. In ya taɓa zuwa Hajji kuma, ki ce masa bai kai rabin Kano zuwa Jidda ba.

Auta a Rum:
Na kira shi yanzu na karanta masa. Da na fara da mil na teku ya ce in bar shi da wannan. Da na zo kan Jidda sai ya yi dariya ya ce ashe ma nan da nan ne, shi da ya je sau uku. Ya ce a gaida Malam, a gaida Hajiya, kuma a gaya wa mai gardamar nan ya karɓi 250 ɗinsa ya yi godiya. Yaya ya ce Gatwick ta fi kusa da shi, can za mu duba in biza ta fito.

Tambaya ɗaya ya ƙara: tsaunukan da aka ce ana hayewa, ana ganinsu ta taga?

Injiniyan Kaduna:
Sosai, in gari ya yi garau. Mont Blanc ya haura mita 4,800, kansa fari fat da ƙanƙara ko da bazara, kuma hanyar ba ta nisa da shi. Gefen da zai fito ya danganta da titin da aka ba matuƙi a ranar. Ki kama masa kujerar taga wadda ba ta kan fiffike, ki ce ya fara leƙawa bayan kamar awa ɗaya da tashi.

Sarkin Gardama:
A gaya wa Alhaji na ji, na gode. Amma wasiƙa ta uku tana hanya.